Daga Kufena zuwa Kudan: Tarihin Dutse, Dawa da Inabi a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya taɓa zama a Samaru ya san Dutsen Kufena, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba. Da damina, in ruwa ya wanke sararin sama, sai ka hango shi kudu da gari ya yi zaune daram kamar giwa ta durƙusa. Da hunturu kuwa hazo kan lulluɓe shi har ka rantse babu komai a wurin. Ɗalibai dubbai sun shigo Jami'ar Ahmadu Bello tun da aka buɗe ta a 1962, sun yi shekara huɗu ko biyar suna hangensa, sun karɓi takardunsu sun tafi, ba su san cewa mutane sun zauna a gindin wancan baƙin dutsen tun kafin a ja ganuwar birnin Zariya ba.

A wasu ƙasashen, irin wannan wuri kuɗi ake biya a je a gani. A tsibirin Pico na ƙasar Fotugal, manoma sun yi ɗaruruwan shekaru suna tsince baƙin dutse daga gona suna jera shi shinge bayan shinge, ba laka ba siminti, don ya kare kurangar inabi daga iskar teku, kuma da inabin suke yin giya. A 2004 hukumar UNESCO ta sa gonakin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A 2018 kuma ta amince da sana'ar jera dutse ba tare da laka ba a matsayin gadon ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashe takwas, ciki har da Faransa da Italiya da Girka da Sifen. Mutanen birni kan cika mota ranar hutu su tafi kallon waɗannan shingaye.

Mu ma a ƙasar Zazzau muna da duka ukun: tsohon ginin dutse, tsohuwar sana'ar dafa abin sha, da gonar inabi. Sai dai namu ba su zo tare ba, ba su kuma taɓa zama a gona ɗaya ba. Dutse ne babba, tukunyar dawa ke bi masa, inabi shi ne auta, ya kuma zo ne a zamanin da ake cin sa ɗanye, ba a matse shi. Wanda ya tashi daga Samaru ko Sabon Gari bayan sallar asuba zai iya zagaya sawunsu duka kafin magariba.

Lokacin da gari ke jingine da dutse

Tafiyar ba ta buƙatar nisa kafin ta fara. A shekarun 1970 masana tona ƙasa na jami'ar, ciki har da John Sutton, sun haƙa wani wuri a yammacin Samaru suka tarar da wuraren narkar da tama da tulin kashin ƙarfe, waɗanda gwaji ya nuna sun haura shekara dubu. Ke nan ƙasar da ake koyar da injiniyoyi a kanta yau, maƙera sun riga su hura wuta a cikinta da daɗewa. Inda kuwa aka sami ƙarfe, an sami fartanya da gatari da mashi, wato noma da sharar daji da tsaro.

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya jagoranci sashen tarihi na jami'ar, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya jawo hankalin ɗalibansa ga wani abu da kowa ke gani amma ba kowa ya lura ba: tsofaffin garuruwan Hausa da yawa a jikin dutse suka tsiro. Kano tana da Dala, Zamfara tana da Kwatarkwashi, Zazzau tana da Turunku da Kufena da Madarkaci, wanda yau yake cikin birni. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan da ya sauka a kan dutse yakan gangaro ya taru a gindinsa, ƙasar wurin ta yi laushi ta yi albarka. Wanda ke sama yana hango mahara tun suna nesa. Ga tama a kusa. Sannan mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa iskoki a duwatsu suke zaune, don haka mai kula da tsafin dutse shi ne mai faɗa a ji.

Tarihin sarakunan Zazzau ya nuna cewa kafin birnin yanzu an yi zama a Turunku, wadda take hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi a yau, kudu da Zariya. Daga can ne, a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536, aka ce mulki ya taso ya dawo yankin Kufena. Masu ba da labari sun ce Bakwa na da 'ya'ya mata biyu, Amina da Zariya, sunan ƙaramar ne ya bi garin, babbar kuma ta zama mayaƙiyar da har gobe ake kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Kundin Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, cikin ƙarni na 15, wasu masana kuma suka kai ta ƙarni na 16, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri. An dai yi saɓani kan shekarun.

Hanyar Kufena ta Wusasa take bi, unguwar da 'yan mishan na CMS suka koma a 1929 bayan Likita Walter Miller ya yi shekaru a cikin birni. Majami'ar da suka gina a shekarar, da tubali da laka irin ginin Hausa, tana nan tsaye. Daga nan sai gonaki, sai gindin dutse. Ranar da na hau, wani dattijo da ke da gona a wurin ne ya yarda ya shige mini gaba. Ba mu yi nisa ba ya tsaya a kan wani falalen dutse ya nuna mini da sandarsa: ramuka ne dogaye, masu santsi kamar cikin akushi, jere kusa da juna. Nan mata suka durƙusa suna niƙa, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika, har tafin dutsen ya lotsa. Na sa hannu a ɗaya, ya shige har wuyan hannu. A gefe ga tsingaro barjat cikin ƙasa, wasu da zanen da maginiyar tukunya ta yi musu tun yumɓun yana ɗanye. Can gaba kuma duwatsu ne jere a zagaye, rabi ƙasa ta binne su.

Na ce, "Baba, wa ya jera waɗannan?"

Ya ce, "Mutanen da, ɗana. Kakana ma haka ya tarar da su. Wannan gindin ɗaki ne, wancan ƙaramin kuwa na rumbu."

Yadda dutse ke riƙe ɗan'uwansa

Mai kallo daga nesa zai ce tari ne kawai, kowa ma ya iya. Sai ka gwada za ka san akwai ilimi a ciki. Manyan duwatsu ake kafawa a ƙasa, gindin ya fi sama faɗi, bangon yana ɗan kwantawa ciki yayin da yake tashi. Kowane dutse sai ya hau kan biyu, don kada tsaga ta hau kan tsaga. Inda aka sami rata a cusa ƙanana su danne. Babu abin da ke haɗa su sai nauyinsu da kaushin jikinsu. Amfanin haka shi ne ruwa ba ya samun abin da zai narkar: ya shiga ta nan ya fita ta can. Bangon laka kuwa in aka yi damina biyu ba a yi masa yaɓe ba, sai ya fara zubewa. Shi ya sa ɗakunan mutanen Kufena suka koma ƙasa tuntuni, amma duwatsun da suka ɗora su a kai suna nan inda aka ajiye su.

To me ya sa Bahaushe ya bar dutse ya kama laka? Saboda ya sauko fili. Da gari ya girma, ganuwa ta maye gurbin tsauni, jar ƙasa kuma ga ta ko'ina, ba sai an ɗauko daga nesa ba. Tubali da azara suna ba magini damar da dutse tsura ba ya bayarwa: soro, bene, bakan gizo, zane a bango. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Duk da haka dutse bai bar gida ba, ƙasa ya koma ya ɓuya. Har yau a ƙauyukan Giwa da Soba da Makarfi, a kan duwatsu ake ɗora rumbu don gara da damshi kada su kai ga hatsi. Duwatsu uku ne murhu. Da dutse ake ɗaure bakin rijiya.

Inda dutse ya fi laka sauƙin samu kuwa, an ci gaba da gini da shi. A Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kafa a ƙarni na 16, wanda kufansa ke cikin Jihar Sakkwato yanzu, da dutse aka tayar da ganuwa, kuma sassanta suna tsaye bayan an yi wajen shekara 300 da watsewar garin. A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, wajen Keita, tun daga 1984 manoma Hausawa da Buzaye, galibinsu mata, suka yi ta jera duwatsu a kan gangara don tare ruwa da hana zaizayar ƙasa, fako ya koma gona. Mafi shahara a Nijeriya ita ce Sukur, a kan tsaunukan Mandara cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa: gonaki hawa-hawa da aka tokare da dutse, hanyoyi shimfiɗe da dutse, da fadar sarkinsu, Hidi, ita ma ta dutse. A 1999 ta zama wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A Sukur ɗin, kamar a Pico, ginin dutse da tukunyar giya tare suka rayu, don da giyar hatsi suke bukukuwansu na gargajiya. Wannan ne ya kawo mu ga ramukan niƙan Kufena, da tambayar me ake niƙawa a cikinsu bayan garin tuwo.

Tukunyar Maguzawa

Magana ce da mutane da yawa ba sa son a taɓo, amma tarihi ba ya jin kunya. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, da ya zo lissafa manyan mutanen da ke zaune kewayen Dala a zamanin Barbushe, ya ambaci maƙeri da mai magani da mai gadin gari da sarkin makaɗa, ya kuma ambaci Bugazau, mai dafa giya. A cikin jerin akwai Maguji, mai haƙar tama da narkar da ita, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa. Ke nan a tsohuwar ƙasar Hausa dafa giya sana'a ce mai shugaba, kamar ƙira.

Inabi ba ya cikin lissafin, dawa ce uwar aiki. Aikin mata ne, kuma yakan ci kusan mako guda. A jiƙa dawa ta kwana, a tsame ta a baza a inuwa a rufe da ganye, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta fito da tsiro. A shanya tsiron ya bushe ƙayau, a niƙa, a dama da ruwa a manyan tukwane, a dafa. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bari ya huce, sannan a zuba masa ɗan ragowar na baya don ya tashi. Kwana ɗaya ko biyu sai kumfa ta rufe bakin tukunya. Wannan shi ne burukutu, ɗan'uwansa mai sauƙin kauri kuma fito. Can kudu, inda tukurwa da kwakwa ke yi, sai bammi, wanda shi ba a dafa shi, daga itace ake tatsa.

Akwai wani bambanci tsakanin burukutu da giyar inabi wanda shi ya raba tarihinsu. Ta inabi tana shekaru a ajiye, don haka Turawa suka haƙa mata ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, suka yi mata ganguna da kwalabe, suka rubuta shekararta a jiki, duk abubuwan da jikoki ke nuna wa baƙi yau. Burukutu kuwa in ya nuna ba ya jira, kwana biyu ya lalace. Abin da ba ya ajiyuwa dole a kira jama'a su shanye shi tare. Shi ya sa a wajen Maguzawa ya zama ladan gayya: mai gona ya sa matansa su dafa, ya gayyaci maƙwabta, a yi masa noma da kiɗa, a tashi a zauna gindin itace ƙwarya tana zagayawa. Da shi ake biki da makoki, da shi ake roƙon iskokin gida. Bai bar gini ba, bai bar rubutu ba, sai tsingaro.

Masana biyu sun zauna da Maguzawa sun rubuta abin da suka gani. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya yi aikinsa a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946. Jerome Barkow kuma ya kwatanta rayuwar Maguzawa da ta maƙwabtansu Musulmi a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa Zariya da Katsina, ya buga a 1973. Abin da ya fito fili a aikinsu shi ne harshe ɗaya ne, dawa ɗaya ce, fartanya ɗaya ce, amma daga cikin manyan alamomin da ke raba gidajen biyu akwai tukunyar giya da fitar mata gona. In Bamaguje ya musulunta, abin da maƙwabta ke fara dubawa ke nan.

Musulunci ya yanke hukunci kan giya ƙarara a Suratul Ma'ida, malaman ƙasar Hausa kuma sun daɗe suna wa'azi a kai tun kafin jihadi. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai ci da sha ba tare da duba halal da haram ba. Jihadi ya tashi a 1804, wajen 1808 Malam Musa ya karɓi Zariya, Sarki Makau ya yi kudu, inda 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta farko a 1828, wadda ake kira Suleja yanzu. Daga nan giya ta fita daga fada da birni. Amma ba a kori Maguzawa ba. An bar su a ƙauyukansu suna biyan jiziya, suna noma, suna dafa abinsu, har zuwa ƙarni na 20 da da yawansu suka musulunta, wasu kuma suka shiga addinin Kirista.

Abin sha ya tafi, ilimin ya zauna. Matar malam da ke zuba ɗan garin tsiro a kunun zaƙi don ya tsinke ya yi garɗi, dabara ɗaya take amfani da ita: tsiro yana mai da ƙullun hatsi ya koma zaƙi. Ita dai tana sauke nata kafin ya kai ga bugarwa. Harshe ma ya riƙe abinsa. Mutumin da bai taɓa ganin burukutu ba zai ce maka giyar mulki ta ɗebi wane, kuma kowa ya gane.

Jirgi, Sabon Gari da dokar kwalba

Turawa sun kama Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka kuma ja ƙaramin layi zuwa ma'adinan kuza na Jos, daga baya wani ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Tasha tana buƙatar akawu da makaniki da lebura, kamfanonin auduga da gyaɗa suna buƙatar 'yan awo. Sai aka yanka musu fili arewa da kogin Kubanni, nesa da ganuwa, aka shata tituna miƙaƙƙu, aka kira shi Sabon Gari. Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen Saliyo da Gana suka zauna, Hausawa 'yan kasuwa ma suka bi su. Shekaru da dama unguwar tana hannun majistare Bature, ba Sarkin Zazzau ba. Har yau sunan kamfanin Paterson Zochonis yana bakin kowane ɗan acaɓa, in ya ce zai kai ka PZ.

A nan tarihin giya ya yi wani juyi mai ban mamaki. A Kudancin Nijeriya, harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin mulkin mallaka. A Arewa kuwa, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890 da kuma alkawarin da Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addini ba, an hana sayar wa 'yan ƙasa ita. Bature yana sha a kulob ɗinsa, akawu ɗan Kudu yana iya neman takardar izini, talakan Arewa kuwa in an kama shi da kwalba ya shiga uku. To amma jirgin da ke kawo gishiri da atamfa shi ne ke kawo kwalba a ɓoye, matan da suka iya dafa burukutu kuma suka gane cewa leburori da sojoji kasuwa ce da ba ta mutuwa. Abin da a ƙauye ake dafawa don gayya sau ɗaya a wata, a bayan bariki ya zama na sayarwa kullum. Can ana sha a gaban dattawa bayan an gama aiki, nan kuwa albashi ake kaiwa. Da yawan ɓarnar da iyayenmu suka sani game da mashaya, a wannan zamanin ta samo asali.

Dawa ta shiga makaranta

Kilomita kaɗan daga Sabon Gari, a kan hanyar Funtuwa, Turawa suka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, da farko don auduga da gyaɗar da masana'antun Ingila ke jira. A 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR, a ƙarƙashin sabuwar jami'a. Ƙauyen ma'aikata ya zama gari. Daga nan ne irin dawa da masara da wake da gyaɗa masu sunan da ya fara da SAM suka bazu cikin Arewa.

Ɗaya daga cikin irin dawar da aka tace a Samaru ita ce gajeriyar ƙaura mai lamba SK 5912. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, wanda da shi masana'antun giya da na lemon malt ke aiki. Ido ya raina fata, sai aka waiwayo gida, aka tarar dawa za ta iya, wannan ƙaurar kuma tana cikin waɗanda suka fi dacewa. Manyan injuna suka shiga yin abin da matan ƙauye suka yi shekaru aru-aru suna yi a ƙarƙashin ganye: jiƙawa, tsirarwa, busarwa. Yau in aka miƙa maka kwalbar lemon malt mai sanyi a wajen ɗaurin aure a Sabon Gari, babu ko ɗigon barasa a ciki, akwai yiwuwar tsiron dawa kake sha. Da tsohuwar zuma ake magani.

Autan gida

Zangon ƙarshe yana arewa da Zariya, a ƙaramar hukumar Kudan mai hedikwata a Hunƙuyi, ƙasar rake da tumatir da noman rani. A 'yan shekarun nan sunanta ya fita da wani amfanin gona da a da sai dai mu ji shi a karatun Alƙur'ani ko mu gan shi a tsarabar alhazai ya zama zabibi. Kudan ta zama cibiyar noman inabi a Nijeriya.

Gonar inabi ba ta kama da kowace gona da Bazazzagi ya saba da ita. Turaku ne jere, an ja waya a kansu, kuranga ta hau ta yi rumfa har mutum ya shiga ƙarƙashi ya yi tafiya a inuwa. In ka ɗaga kai sai ka ga 'ya'yan curi-curi suna reto, wasu kore shar, wasu sun fara ja. Manomin da na tarar yana riƙe da almakashi, yana bin curin ɗaya bayan ɗaya yana cire ƙanana da waɗanda suka fashe don sauran su sami wurin girma. Ya ce mini, "Malam, wannan ba shuka ba ce, reno ne. Ka yi tafiyar mako guda ka dawo ka ga fushinsa." Dabararsu ita ce kauce wa damina, don ruwa da damshi suna kawo masa ruɓa. Sai ruwa ya kusa ɗaukewa ake aske rassan, ya yi sabon toho, a riƙa yi masa ban ruwa, ya nuna da rani, zafin rana da sanyin daren hunturu su tara masa zaƙi. Jarinsa da nauyi, ga turaku ga waya ga rijiya ga magani, ga tsuntsaye da ba sa jin kora, kuma sai an haura shekara kafin a ga na farko.

A Pico daga gona sai matsewa. A Kudan daga gona sai kwando, sai mota, sai Kano da Kaduna da Abuja da Legas, inda yake gogayya da wanda ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar. Matsalar manoman ita ce ta burukutu a sabon kaya: abin ba ya jira. In babu ɗakin sanyi, dole a sayar yadda dillali ya taya. Hanyoyin halal na ajiye shi kuwa sanannu ne, a busar ya zama zabibi ko a matse a dafa ruwan a rufe a kwalba kafin ya tashi. Wannan aiki ne da ya dace da masana Samaru, tunda tsakaninsu da Hunƙuyi ba tafiyar awa guda ba ce.

Kafin a farfashe shi

Sanin abu daban, aikata shi daban. Ba wanda ya ce a dawo da tukunyar Bugazau, amma wanda ya goge ta daga labari ba zai gane girman canjin da Musulunci ya kawo ƙasar nan ba, ba zai kuma gane maƙwabcinsa Bamaguje ba, wanda kakansu ɗaya. Haka duwatsun nan. Gari yana ta cin gonaki, masu fasa dutse suna bin tsaunukan kewayen Zariya da guduma da wuta, tifa tana kwashewa zuwa wajen gini. Ramin niƙan da ya ɗauki shekara ɗaruruwa kafin ya lotsa, yini ɗaya ya isa ya zama tsakuwa, kuma ba mai iya mayar da shi.

Don haka kira nake ga malaman makarantun Samaru da Sabon Gari, da ƙungiyoyin ɗalibai, da iyaye masu ɗan hali: ku ware rana ɗaya tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe, hanya ta buɗe. Ku fara da gaida mai unguwa ku nemi ɗan rakiya, ku kuma sallame shi da abin kirki. Ku riƙe ruwa da takalmi mai kama dutse. Ku hau Kufena da sanyin safiya, yara su sa hannu a ramukan niƙa, amma kada kowa ya ɗauke ko tsingaro ɗaya. Ku yi azahar a birni ku ga aikin Babban Gwani, ku biyo ta tashar jirgi, la'asar ta same ku ƙarƙashin rumfar inabi a Kudan, ku sayi kwando ɗaya daga hannun wanda ya noma shi. Gani ya kori ji.